Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Allura ta Gagare Ni

A makon jiya na tsaya a kan yadda ɗinkin hula ya riƙe gidana a Argungu shekara da shekaru. To, wata safiya ina zaune a zaure na ɗauki allura ta suɓuce, na sake ɗauka ta sake suɓucewa, sai na lura cewa gaɓar ƙarshe ta babban yatsana da ta manuniya sun ƙi lanƙwasuwa, alhali hannun bai kumbura ba, bai kuma yi sanyi ba. Kwanaki kafin nan na yi fama da wani ciwo a ƙasan gwiwar hannu, na ɗauka gajiya ce. Masu zuwa dubiya suka ce somin shanyewar ɓarin jiki ne, wasu suka ce jifa ne, har ƙaho na yarda aka yi mini, abin yana nan yadda yake.

A Birnin Kebbi wani matashin likita ya ce, “Baba, haɗa kan yatsun nan biyu ka yi mini zobe.” Na yi iya ƙoƙarina, yatsun suka haɗu a shimfiɗe kamar bakin agwagwa. Ya tsikare su da tsinke, na ji sarai.

Bayanin da ya yi mini shi ne, babbar jijiyar da suke kira midiyan, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu, takan ratsa tsakanin kawuna biyu na tsokar da ke kifa tafin hannu, sannan ta fitar da wani reshe da aikinsa motsi ne kawai, shi ya sa ji bai ɗauke ba. Kusan rabin mutane ana haihuwarsu da wata siririyar tsoka ta ƙari a wurin, wadda wani masani Bajamushe mai suna Gantza ya bayyana a 1813. Yawancinsu har su mutu ba za su san suna da ita ba, amma a wasu takan danne reshen, kuma ita yake zargi a hannuna.

Da ya ga na yi shiru, sai ya sa na haɗa babban yatsa da ƙarami na tanƙwara wuyan hannu, igiyar wata tsoka daban ta taso, don ya nuna mini cewa tsokokin mutane ba duka ɗaya ba ne. Ya nuna mini nasa, babu ita sam, kuma bai taɓa rasa ƙarfin riƙo ba. Wannan ya fi duk bayaninsa kwantar mini da hankali.

Ya ce ba a gaggawar fiɗa, in ajiye allura wata uku a gani. Ga kuma hulunan Sallah goma sha biyu da na riga na karɓi kuɗinsu. Yadda muka ƙare da masu su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.