Yadda na koya wa 'yan JSS 2 gane kamance a Turanci

Dokar da aka saba ba yara a ƙaramar sakandare ita ce: in ka ga "like" ko "as" a jimla, to ka ga simile, wato kamance. 'Yan ajina sun haddace ta tun zangon farko. Da na rubuta "I like rice" a allo, sai hannaye suka tashi, kowa na rantsuwa kamance ne. Haka suka yi wa "As it was raining, we stayed inside", alhali "as" ɗin nan dalili yake nunawa.

Sai na ajiye Turancin, na ce su siffanta min dare marar wata da Hausa. Wata yarinya ta ce baƙi ƙirin kamar gawayi. Daga nan baki ya buɗe: tafiya sai ka ce hawainiya, ja wur tamkar jini. Ashe abin yana bakinsu tun daga gida, kuma malamar Hausa ta riga ta koya musu shi a darasin adon harshe, tare da siffantawa da mutuntarwa. Na same ta muka daidaita makonninmu, ta fara, ni in biyo baya.

Tambayoyi biyu na ba su a madadin dokar. Me ake kwatantawa da me? Shin jinsinsu ɗaya ne? A nan muka fi daɗewa, domin nan ne asalin aikin. "Musa is as tall as Bala" ba kamance ba ne: yara biyu ne, ana iya tsayar da su a auna. Amma "Musa is as tall as a palm tree" ya haɗa mutum da itace, kuma ba wanda zai ɗauko ma'auni. Wani yaro ya yi musu sosai a kan "She looks like her mother". Na bar su suka yi ta muhawara har suka yarda cewa kama ce ta zahiri, babu ado a ciki. Wannan gardamar ta fi min daɗi a kan duk wani aikin gida da na taɓa ba su.

Akwai kuma matsalar "as white as snow". Yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, zai rubuta ta ne kawai ba tare da ya ga komai a ransa ba. Nakan bar su su sa auduga ko nono a gurbinta, sannan su haddace sanannun nan irin "as busy as a bee" da "as proud as a peacock", domin jarrabawar BECE na jiransu a JSS 3.

Bambanta kamance da siffantawa bai ba mu wuya ba, albarkacin kirari. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi yana kiran basarake zaki, ba "kamar" ba "tamkar", ya san inda "He is a lion" ya rabu da "He fights like a lion". Yanzu kowane Litinin suna zuwa da jimla ɗaya da suka tsinta a littafin karatunsu, ajin ya yanke mata hukunci da tambayoyin nan biyu.