Ranar da aka wanke mai wankan unguwa

Talata, bayan isha'i.

Gwaggo ta cika da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta. Shekara da shekaru duk macen da ta rasu a unguwar nan ita ake bugawa ƙofa, yau ga shi ita ce kwance a kan tabarma. Allah ya jiƙanki, Gwaggo.

Mata uku suka shiga ɗakin, duka ita ta koya musu, kuma yadda ta koyar haka aka yi mata. Tun numfashi na yankewa Inna ta rufe mata ido, ta ɗaure haɓa da ƙyalle, ta miƙar da hannu da ƙafa. Abin da Gwaggo ta fi faɗa a kai ke nan: in aka tsaya kuka aka bar jiki ya sandare, sai an sha wahala wajen sa likkafani.

An sirka ruwa ya yi ɗumi kaɗan, don mai zafi yana saɓule fatar tsoho. Aka lulluɓe ta da zane, mai wankan ta naɗe hannunta da tsumma, ta danna cikin a hankali, ta yi mata tsarki. Sai alwala, amma ba a ɗura ruwa a baki ko hanci, da jiƙaƙƙen ƙyalle ake sharewa. Daga nan dama, sannan hagu. Ruwan garin magarya, ruwa zalla, na ƙarshe da kafur. Sau uku aka yi. Da wani abu ya fito sai a kai biyar, ba a tsayawa a kan biyu ko huɗu. Kafur ɗin sai an dake shi ya narke, in ba haka ba ƙamshin ba ya kama jiki. An tsefe kitsonta, aka wanke gashin, aka kama shi gida uku aka kwantar a baya, kamar yadda Ummu Aɗiyya ta ruwaito a wankan 'yar Manzon Allah (SAW). Zoben azurfarta ya ƙi fita, sai da aka shafa sabulu.

Likkafanin kuwa ba a je kasuwa ba. Yana ƙasan adakarta a ninke, ta yanke abinta da hannunta: zane, riga, kallabi da mayafi biyu na naɗewa, ta bar rarar kamu guda ta kai da ta ƙafa don ɗauri. Ta sha ganin yadin da aka sayo a gaggauce ya gaza, ƙafa na leƙowa, ana neman ciko gawa na jira.

Maza suka ɗauki makara, kabbara huɗu a ƙofar gida, suka wuce. Mu muka zauna karɓar gaisuwa, "ya haƙuri" har bakin mutum ya bushe.

Da la'asar wata tsohuwa daga bayan masallaci ta kama hannun Inna ta ce, "Yaya, to ni wa zai wanke ni?" Inna ba ta amsa ba, ta dai nuna mata matan nan uku da ke shanya tabarma.

Gwangwanin garin magaryar ya rage kusan rabi. An mayar da shi ƙarƙashin gadonta tare da ƙwaryar, inda masu zuwa nema suka san yana nan.