Laraba: Baba, likita da batun mantuwa

Yau da hantsi na raka Baba asibiti a auna masa jini, sai na faɗa wa likita abin da ya daɗe yana damunmu a gida. Baba yakan ajiye tabarau a kan buzu ya zagaye gida yana cigiya, ko ya kira jika da sunayen yayyensa kafin ya dace da nasa, alhali idan liman ya yi tuntuɓe a karatu, shi ne farkon mai yi masa gyara.

Likita ta yi masa 'yan tambayoyi, sannan ta ce, "Alhaji, wannan ba gigin tsufa ba ne." Ta bayyana mana cewa tun daga wajen shekara 40 ƙwaƙwalwa takan fara ƙanƙancewa sannu a hankali, musamman ɓangaren goshi da sashen da ke karɓar sabon abu ya adana shi, kuma kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyi yakan lalace, sai saƙo ya riƙa tafiya da jinkiri. Amma hadda da kalmomi da ilimin da mutum ya tara tun ƙuruciya sukan daɗe ba su girgiza ba.

Bayan isha'i na ɗan yi bincike. A 1996 masanin halayyar ɗan Adam Timothy Salthouse na Amurka ya ɗora yawancin laifin a kan raguwar saurin tunani, yayin da Michael Ramscar da abokan aikinsa a Jamus suka ce a 2014 tsoho yana jinkiri ne domin abin da zai lalube a kansa ya fi na yaro yawa, kamar mai neman allura a cikakken rumbu. Maganar su Ramscar tana da daɗin ji, sai dai ban gamsu da ita ɗungurungum ba, tunda hoton ƙwaƙwalwa yana nuna raguwar a zahiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2024, wanda ya lissafa abubuwa 14 da ake iya magancewa, ya kuma danganta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa da su. Daga ciki akwai hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da kaɗaici, da raunin ji. Baba kuwa da zarar ya ji sauƙi sai ya ajiye maganin hawan jini, kuma kwanan nan ya rage magana a majalisa. Likita tana zargin kunne ne, don haka ta rubuta masa gwajin ji ranar Litinin.