Taragon Gyaɗa da Auduga a Tashar Zariya

Da hantsi muka baro Funtuwa a motar haya, muka bi ta Giwa da Shika. Kaka ce, ko'ina an yanke dawa an jingine kara. Da muka shigo Samaru sai ga layin dogo yana bin gefen titi, yara suna tsallaka shi zuwa Hayin Dogo. Wannan shi ne layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, kuma audugar ƙasarmu da gyaɗarta aka shimfiɗa shi ya kwaso. Na sauka a Kwangila, na hau Keke Napep zuwa Sabon Gari.

Ba kan jirgi na zo kallo ba. Kowa shi yake yabo, shi ke da jiniya da hayaƙi. Ni tarago ya kawo ni, rufaffen nan mai ƙofa a gefe wanda tsofaffi ke ce wa wagunu, domin a cikinsa arzikin Arewa ya yi shekara da shekaru yana tafiya bakin teku.

Wani dattijo da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya ne ya yi mini jagora. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Taso ɗana, mu je tun rana ba ta take ba." Muka tsallake layuka zuwa can gefe inda aka jera waɗanda suka daina aiki. Ya dafa ɗaya. Jikinsa ƙarfe ne, fenti ya koɗe, tsatsa ta bi layin ƙusoshi. Ƙofar ba buɗe ta ake yi ba, tura ta ake yi ta zame a kan ƙarfe, don a iya lodi ko da an matse da dakalin tasha. Rufin a lanƙwashe yake yadda ruwa ba zai kwanta ba. A kowane ƙarshe akwai ƙafafu huɗu a haɗe cikin gindi guda mai juyawa, shi ke ba dogon tarago damar shan kwana. Baba ya sunkuya ya nuna mini akwatin da ke bakin kowace ƙafa, inda ake zuba mai. Ya ce in mai ya ƙafe a hanya, wurin zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi, shi ya sa duk jirgin kayan da ya tsaya sai an bi shi tarago tarago, ana taɓawa da bayan hannu, ana ƙwanƙwasa ƙafa da guduma a ji ƙararta.

Asalin taragon kaya buɗaɗɗe ne. A Ingila, inda jirgin ƙasa ya fara, kwal ya soma ɗauka, kwal kuwa ba ruwansa da ruwan sama. Kayan da ke tsoron laima tamfol ake rufa musu, har aka ga gara a yi wa taragon bango da rufi da ƙofar da za a kulle. Na farkon gajeru ne, na katako, masu ƙafa huɗu kacal. Daga baya aka tsawaita su, aka koma ƙarfe.

Mu nan, dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, bayan aikin diga da ya taso daga Baro a bakin kogin Kwara. Turawa auduga suka sa wa rai, har kamfaninsu na harkar auduga, BCGA, ya kafa injin gurza a nan Zariya. Manoman Kano kuwa suka duba kuɗin da gyaɗa ke kawowa suka karkata can. Ko wacce aka ɗauko, rufaffen tarago take bukata: gyaɗa in ta jiƙe ta yi fumfuna, dilar auduga kuma tartsatsi ɗaya daga kan jirgi mai kwal ya ishe ta. In taragun sun sauke a Ikko, su juyo da gishiri da kananzir da atamfa da goro.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, in an bi diddigi, layin jiran tarago ce. Amfani yana shigowa lokaci guda bayan kaka, layi kuwa ɗaya ne tal, sama da kilomita 1,100 daga Kano zuwa Ikko, taragun ba sa isa. Dole a jibge buhuna a rufe, a riƙa ɗiba sannu a hankali.

Zariya ta sha aikin dako sosai saboda ƙaramin layin da ya tafi Jos don kuza, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957. Faɗinsa milimita 762 ne, babban layi kuwa 1,067, don haka taragon wancan ba ya hawa wannan. Sai an sauke a nan, 'yan dako su ɗauka a ka su mayar cikin wani. Mutanen da aikin reluwe ya tara daga kudu da arewa su suka cika Sabon Gari.

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, tirela ta karɓe kaya. Duniya ma ta koma kwantena, wadda shimfiɗaɗɗen tarago kawai take so. Sabon layin Kaduna zuwa Kano da zai ratsa Zariya faɗinsa milimita 1,435 ne, waɗannan tsofaffin taragu ba za su taɓa hawa kansa ba.

Abin da ke damuna ke nan. Garin da ke da cibiyar koyar da harkar sufuri ta ƙasa tun 1986 ya cancanci a ware masa ko guda ɗaya, a gyara, a girke inda ɗalibai za su shiga su tura ƙofar da hannunsu. Na tambayi Baba ko zai gyaru. Ya leƙa ƙarƙashi, ya bugi ƙarfen gindin da sandarsa, ya ce daɓen ciki ne ya ruɓe, sai a sake katako, a kankare tsatsa, a zuba mai a akwatunan, maƙeran Sabon Gari ma za su iya.