Yarinyar da ta yi wata huɗu ba ta ce uffan ba

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa aka kawo mini ita, zangon karatu ya riga ya yi nisa. Aji uku na firamare nake riƙe da shi, shekararta takwas. Da Turanci muke koyar da komai, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba. Na nuna mata wurin zama, na miƙa mata littafi, sai na ga ta juya shi ta buɗe ta baya. Na karɓa na gyara mata, a raina ina cewa yarinyar nan ko riƙon littafi ba a koya mata ba. Sai da aka yi makonni kafin in gane cewa ta iya karatun Larabci sarai, daga dama zuwa hagu, har takan karanta wa ƙannenta labari a gida. Ta zo mini da iliminta, ni ce ban da idon ganinsa.

Daga nan sai shiru. Kullum sai na kira sunanta, in faɗi kalma in ce ta maimaita. Ta sunkuyar da kai, sauran yara su zuba mata ido, ni kuma in ƙara ɗaga murya kamar kunne ne matsalarta. Da aka shiga wata na uku na fara rubuta takardar neman a duba ko tana da larurar koyo. Wata malama da ta girme ni a aikin ta ga takardar a kan teburina, ta ce, "Malama, kafin ki miƙa wannan, gobe ki ce su ɗauko fensir, ki kalli hannunta, kar ki kalli bakinta."

Na yi yadda ta ce. Kafin yaron da ke kusa da ita ya motsa, yarinyar ta riga ta ɗauko. Na ce a buɗe shafi na goma, ta buɗe daidai. Da muka shiga waƙar ƙidaya kuwa, na lura leɓenta na motsi ba sauti. Ashe duk tsawon lokacin nan tarawa take yi.

Daga baya na karanta cewa abin yana da suna a wurin masana. Stephen Krashen, masanin koyon harshe a Amurka, ya yi bayani tun farkon shekarun 1980 a kan lokacin shiru da yara da yawa ke shiga idan suka faɗa cikin sabon harshe. Wani makonni, wani watanni. Ya kuma nuna cewa mutum yana kama harshe ne ta hanyar jin maganar da yake iya fahimta, wadda ta ɗan ɗara inda yake, kuma tsoro da kunya suna toshe wannan hanyar. Wato kiran da nake yi mata kowace safiya a gaban aji, ƙofar nake ƙara rufewa.

Sai na sauya irin tambayar da nake yi mata. Maimakon "faɗa mini", ya koma nuna mini, zana mini, jera hotunan nan yadda labarin ya tafi. Na ari dabarar wani masani, James Asher, ta shekarun 1960, inda malami ke ba da umarni yana aikatawa, yara su bi da jikinsu: tashi, taɓa ƙofa, sa littafi ƙarƙashin kujera. Ajin gaba ɗaya ke yi, don haka ba wanda aka ware. Ranar da ta fara magana ba ni ta yi wa ba. Wani yaro ne ya karɓe mata layi a wasa, ta dube shi ta ce "My turn." Kalma biyu, kuma daidai. Sai na yi kamar ban ji ba, don na san in na yi shewa za ta koma cikin ɓawonta.

Amma wanda ya fi ba ni darasi mai zafi wani yaro ne daban, kuma shi ba shiru yake yi ba. In an fita tara, muryarsa kake fara ji a filin wasa, Turanci rangaɗaɗau, har da musu. Shekara biyu ke nan da zuwansa, kowa ya sallama cewa ya iya, aka cire shi daga cikin masu samun ƙarin taimako. Sai dai a takarda kullum yana ƙasa. Na soma ce masa malalaci.

Wata rana na zauna kusa da shi yana lissafi. Hoton tsuntsaye takwas ne a kan reshe, uku sun tashi, tambayar ta ce "How many are left?" Ya sa yatsa a ɓangaren hagu na hoton ya ƙirga. Shi kalmar "left" hagu ya sani, bai san tana nufin abin da ya rage ba. Na ba shi tambayar da harshe mai sauƙi, ko sakan biyu bai yi ba ya ce biyar. A wata tambayar an ce ya nemo "difference" tsakanin 9 da 4, wato bambanci, wanda a lissafi ke nufin a cire 4 daga 9, ya rubuta cewa ɗaya yana da zagaye, ɗayan ba shi da shi. In ka duba, ai bai yi ƙarya ba. Lissafinsa lafiya lau. Ni ce na yi wata da watanni ina auna Turancinsa ina rubuta makin a shafin lissafi.

Jim Cummins, wanda ya daɗe yana bincike a Kanada, ya bambanta abubuwan nan biyu tun 1979: harshen hira da harshen karatu. Na hira yaro kan kama shi cikin kimanin shekara biyu, domin fuska da hannu da abin da ake gani duk suna taimaka masa. Na karatu, wanda babu kowa sai kai da takarda, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin yaro ya kamo tsaransa. Yaron nan yana tsakiyar kogi muka karɓe masa kwalekwale, don kawai mun ji yana waƙa.

Abin da na lura shi ne, manyan kalmomin kimiyya ba su ne ke kayar da irin yaran nan ba, tunda waɗannan kowa sabo ne a wurinsu, dole in tsaya in yi bayani. Masu kayarwa su ne na tsakiya, waɗanda nake ɗauka kowa ya sani: kwatanta, bayyana, sai dai, saboda haka, a ƙalla. Yanzu kafin kowane darasi nakan zaɓi biyar ko shida, mu gan su a hoto, mu aikata su, mu sa su a jimla. Ina kuma rubuta kan jimla a allo, kamar "I think… because…", yaro ya cike da nasa tunanin. Masu Turancin tun daga gida ma sun amfana, abin da ban zata ba.

Sai jira. Wata mai bincike kan koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malami kan jira kimanin sakan ɗaya ne kacal bayan ya yi tambaya, kuma in aka kai sakan uku ko fiye, amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. To ina ga yaron da zai ji tambaya, ya juya ta, ya nemo amsa, sannan ya nemo mata kalmomi? Nakan ƙirga bakwai a zuci. Da wuya, wallahi, shirun aji yana da nauyi a kan malami. Gyara kuma na daina yin sa da "ba haka ba ne". In yaro ya ce "I goed", sai in ce, "You went? Where?" mu ci gaba. Wannan kuskuren ma albishir ne, don yana nuna ya gano ƙa'idar shuɗaɗɗen lokaci, togaciyarta ce ta rage masa.

Akwai masu cewa wannan fifiko ne, a ba kowa abu ɗaya shi ne adalci. Ban yarda ba. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar da aka shigar a madadin ɗalibai 'yan asalin Sin kimanin 1,800 a San Francisco, ta yanke cewa ba yara littafi ɗaya da malami ɗaya ba daidaito ba ne muddin wasu ba sa jin harshen da ake koyarwa da shi.

Kuskuren da har yau yake damuna a kan mahaifiyar yarinyar nan na yi shi. A haɗuwarmu ta farko na ce mata su riƙa yin Turanci a gida. Ta amsa da ladabi, ta kuma bi. Turancinta kaɗan ne, don haka hirar dare ta mutu, karatun labari ya tsaya. Wata masaniyar harshe, Lily Wong Fillmore, ta rubuta a 1991 yadda yara ke rasa harshen gida in suka shiga Turanci da wuri, har magana tsakaninsu da iyaye ta yanke. Kuma abin da yaro ya sani a harshen uwa ba ya ɓacewa: wanda ya iya duba agogo ba sai ya sake koyo ba, sunaye kawai zai sauya. Na nemi tafinta babba, don ban yarda a sa yaro ya fassara maganar da ake yi a kansa ba, na ce, "Mama, na ba ki shawara marar kyau. Ki koma yi mata labari da harshenku, ki tambaye ta abin da muka yi a aji, ta faɗa miki da shi." Ta yi ajiyar zuciya, ta ce dama abin yana ci mata rai.

A jarrabawar ƙarshen shekara yarinyar ta fito ƙasa da matsakaici a karatun Turanci, kuma takardar sakamako ba ta da gurbin rubuta inda ta faro. Sai na haɗa wa malamin aji huɗu ɗan littafin da ta rubuta da hannunta, shafi shida, Larabci a dama, Turanci a hagu. Na maƙala masa 'yar takarda a kai, na roƙe shi ya karanta littafin kafin ya duba makinta, kuma ko ya ji tana hira a filin wasa, ya bar sunanta cikin masu samun taimako.