Kafin ka mayar da zuciyar kwado cikin gidanta

Ƙannena masu sha'awar buɗe kwado ba da mabuɗi ba, ku saurari yadda fil biyar suka cinye mini dare guda.

Kwadon da na fara koyo da shi irin na Linus Yale ƙarami ne, Ba'amurken da ya yi wa wannan fasali rajista a 1861 da 1865. Cikinsa ramuka biyar ne, kowane rami da sifirin, da fil na sama, da fil na ƙasa wanda haƙorin mabuɗi ke taɓawa. Idan mabuɗi ya ɗaga kowanne daidai bakin zuciyar, wato ɓangaren da mabuɗi ke shiga a tsakiyar gidan kwadon, sai ta juya. Da na iya buɗe shi da ƙugiya da ɗan ƙarfen murɗawa, sai kaina ya kumbura, na ce bari in ga hanjinsa.

Na cire zoben baya, na zaro zuciyar kai tsaye. Ashe ana bin ta ne da sanda mai kauri daidai da ita, don ta tare filolin sama. Fit! fit! Sifirin ɗaya sai a ƙarƙashin kujera na tsinto shi, da tocilan a baki.

Wannan ma da sauƙi. Babban kuskuren shi ne na zuba filolin ƙasa yadda hannu ya kai, alhali tsawonsu ba ɗaya ba ne, na tura zuciyar, na murɗa ta ta kulle. Mabuɗi ya shiga lafiya lau, amma ko motsi. Na dinga matsa masa har ya fara lanƙwasa. Kada ku yi haka, ƙarfi ba ya gajarta fil.

Abin da ya fid da ni siririn ƙarfe ne, kamar fatar albasa. Na zura shi ta baya tsakanin zuciya da gida, ina ɗaga fil na ƙarshe da ƙugiya a hankali har ya wuce, sannan na gaba, ɗaya bayan ɗaya. Da ya ratsa biyar ɗin, na ɗan juya zuciyar kaɗan. Kaɗan fa, domin idan ta kife gaba ɗaya filolin sama na iya faɗawa ramin mabuɗi. Sannan na turo ta da sanda.

Gwajin da na tsallake bai kai minti ɗaya ba: sa mabuɗi cikin zuciyar tun tana hannunka, ka jera filolin da hantsaki, tsininsu ƙasa, ka shafa da yatsa. In ka ji sumul, jerin ya yi. In wani ya leƙo ko ya nutse, sauya masa rami.

Yanzu kafin in taɓa komai nakan naɗe takarda ta yi kwari biyar, in rubuta lamba, in ɗauki hoto. Kuma kwadon da nake koyo da shi nawa ne, ba ya rataye a kowace ƙofa. Na ƙofar ɗaki kuwa, ko nawa ne, ba na wasa da shi.