Warin sabon fenti da gubar da ba ta wari

Na daɗe ina ɗaukar warin sabon fenti a matsayin alamar tsafta, har ranar da na kwana a ɗakin da aka shafa wa fentin mai da yamma, na farka da asuba kaina yana sarawa, idanuna suna yaji, maƙogwarona ya bushe. Abin da na kwana ina shaƙa shi ne sinadaran da ake narkar da fenti a cikinsu domin ya shafu, waɗanda suke tashi su gauraya da iska yayin da bango yake bushewa. A jikin gwangwani ana rubuta su da harufan VOC. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta nuna cewa yawan wasu daga cikinsu a cikin gida yakan ninka na waje sau 2 zuwa 5, kuma ba sa daina fita don kawai hanci ya saba da su.

Tun daga lokacin na koma fentin ruwa, domin sinadaran nan sun fi ƙaranci a cikinsa, sannan ruwa kaɗai ya isa a wanke buroshi. Nakan juya gwangwani in duba adadin giram na VOC a kowace lita, kuma ƙasa da 50 shi ake ɗauka kaɗan a fentin bango marar sheƙi. Nakan kuma tambaya game da launin da za a zuba, saboda wani launin yana ƙara adadin bayan an gauraya.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali ba shi da wari ko kaɗan, wato dalma, wadda ake sawa a wasu fentin mai don launi ya fito rangaɗau, musamman ja da rawaya, ko don ya bushe da wuri. Amurka ta haramta ta a fentin gidaje tun 1978, amma har yanzu akwai ƙasashen da ba su da doka a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar da take girma. Yaro mai rarrafe yakan dafa ƙofar da fentinta yake ɓarewa, ya kai hannu baki, iyaye kuwa ba su ga komai ba. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya take ba ƙasashe shawarar bi ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Shi ya sa ba na yarda a goge tsohon fenti a bushe, domin ƙurarsa ce take shiga huhu ta kwanta a ƙasa. Sai an jiƙa bangon tukuna, an fitar da yara da mai juna biyu, an bar tagogi a buɗe kwana biyu ko uku kafin kowa ya koma ɗakin.